Amsa ga ƙanena da ke shirin kawo amarya Faransa ta haihu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Zan amsa maka a fili, domin ba kai kaɗai ke yi mini irin wannan tambaya daga Garwa da Marwa a can Kamaru ba, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya cikin dare bayan na taso daga aiki. Ka ce ka samu gurbin karatu, amaryarka tana da ciki, kana so ta biyo ka ta haihu a nan. Ka ce in namiji ne Jihad za ka sa masa, amma wani a majalisarku ya gaya maka Turawa suna ƙwace duk yaron da aka sa wa sunan Musulunci.

Wanda ya gaya maka haka bai taɓa shiga aji a Liyon ya ji ana kiran sunayen yara ba. Muhammadu da Aishatu da Ibrahim sun cika makarantu, ba wanda ya taɓa su. Tun 1993 doka ta bar wa iyaye zaɓin suna. Abin da ka faɗa shi ma'aikacin ofishin magajin gari zai rubuta. Sai dai in ya ga sunan zai cutar da yaron, zai sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma yana iya kai maganar gaban alƙalin iyali. Alƙali yana soke suna, in iyaye sun ƙi zaɓen wani ya zaɓa da kansa. Haka aka yi da wata yarinya da iyayenta suka sa wa Nutella, sunan cakulan ɗin shafa wa burodi, aka mayar da ita Ella. Sunan da kake so ɗin ma an gwada shi a Tuluz a 2017, kotu ta mayar da shi Jahid. Yaran duk suna hannun iyayensu, sunan kawai aka cire.

Ni a nan ina bayan alƙali, ko ranka zai ɓaci. Na san ma'anar kalmar a addini, tare muka yi allo a zauren Malam. Amma yaron a ƙasar da aka kashe mutum 130 a dare ɗaya cikin Nuwamban 2015 zai tashi, kuma kai ba baƙon irin wannan baƙin ciki ba ne, ka ga abin da bama-bamai suka yi a Marwa a shekarar ta 2015. Kai za ka gama digirinka ka yi gaba, shi ne zai ɗauki sunan ya je neman aiki, ya je neman hayar ɗaki, ya tsaya gaban ɗan sanda a filin jirgi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya canza wa mutane sunaye marasa kyau, ya mayar da wata Jamila, ya ce wa wani mai suna Hazn ya koma Sahl. Suna haƙƙin ɗa ne a kan ubansa. Kakanninmu da suke kiran yaro Ajuji ko Ayashe tsoron mutuwa ne ya sa su, ƙauna ce suka ɓoye. Wanda zai sa wa jariri suna don ya ba wasu haushi, da jaririn ya yi faɗan.

A Amurka an yi wani a jihar Niyu Jazi da ya sa wa ɗansa Adolf Hitler. Ba wanda ya hana shi rubutawa. Duniya ta san da shi ne a ƙarshen 2008 da wani kanti ya ƙi rubuta sunan a kan kek ɗin bikin haihuwar yaron. A farkon 2009 hukuma ta kwashe yaran, kuma abin da kotu ta dogara da shi daga baya shi ne tashin hankali da duka a cikin gidan. Sunan ya jawo ido ne, abin da idon ya tarar shi ya raba su da 'ya'yansu.

Ka kuma sani a nan Faransa kwana 5 ake ba ka ka rubuta haihuwa, ba sa jiran ranar suna. Ku tsayar da suna tun kafin naƙuda. Ragon kuwa ka aika kuɗi Baffa ya yanka a gida, don a nan ba a yanka a tsakar gida.

Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne hannunka. Tun 10 ga Yuli 2019 dokar ƙasar ta ce ikon iyaye ba ya haɗawa da duka ko cin zarafi da baki, kuma ana karanta wa ma'aurata wannan a wajen ɗaurin aure a ofishin magajin gari. Yaro yana shiga makaranta dole tun yana shekara 3. Lambar 119, ta kai rahoton yaron da ke cikin haɗari, tana manne a bangon makarantu, kyauta ce, yaro ma yana iya kira. Malama in ta ga tabo ta yi shiru, ita ma tana da laifi. Mu ne muke cewa ɗa na kowa ne, su kuma sun mayar da maganar doka, da ofis da ma'aikata.

Ka tuna hutun da na kawo babban ɗana gida, zazzaɓi ya kama shi ina Ngaundare wajen ta'aziyya, Inna ta kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙirji? Da muka dawo, ranar koyon iyo ya tuɓe riga malamarsa ta gani. Sai ga wasiƙa. Mata biyu daga hukumar kare yara suka zo gidana, suka buɗe firij, suka ƙirga gadaje, suka shiga ɗaki da yaron su kaɗai suna tambayarsa ko ina dukansa, ni ina tsaye a kicin hannuna yana rawa. Binciken wata 3 doka ta ba su, kuma sun cinye su. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗayar ta miƙo mini takarda tana tambaya a hankali ko na iya karatu. Ni da na yi jarrabawarsu da harshensu na ci, nake wanke iyayensu tsofaffi ina ba su abinci a baki, waɗanda 'ya'yan cikinsu ba sa leƙowa sai Kirsimeti! Na haɗiye. Na fito da littafin rigakafin yaron cikakke, likitanmu ya rubuta bayani, na halarci duk kiran da suka yi, aka rufe fayil.

Wani maƙwabcinmu mutumin Abeshe ta Chadi bai haɗiye ba. Ya zane 'yarsa da wayar caja, da aka kira shi ya ce ba mai koya masa tarbiyya, ya ƙi zuwa. In suka ga haɗari, mai gabatar da ƙara yana iya sa a ɗauke yaro a ranar, sannan cikin kwana 8 ya miƙa maganar ga alƙalin yara. Daga makaranta aka wuce da yarinyar. Yanzu a wani ɗaki yake ganinta, ma'aikaciya tana zaune tana rubutu.

In ka tambaye ni, yaron da ake fasa wa jiki, ko ake bari da yunwa, ko yarinyar da ake shirin kai wa gida a yi mata kaciya ko a aurar da ita tana ƙarama, a ɗauke su, ban da ja. A unguwarmu mun sha jin ihun yaro ta katanga muna cewa ai ɗansa ne. Amma talauci da ƙuncin ɗaki ba dalili ba ne, kuma baƙar fata da ke magana da ƙarfi ana saurin rubuta shi a matsayin mai tashin hankali. Hukumar da ke riƙon yaran, ASE, ita ma tana da nata ciwon, har sai da aka yi doka a 2022 don hana ajiye yara a otel. Dokar ta ce a fara duba ko akwai ɗan'uwa da zai riƙe yaro. To ina ɗan'uwan? A gida gwaggo ko kawu ne za su ɗauka, a nan gwaggon tana Garwa ba ta da biza, yaro ya tafi gidan da ba salla, ba Hausa.

Batun biyo ka kuwa, kar ka yi wa amarya alkawarin wata biyu. Haɗa iyali yana buƙatar ka yi wata 18 a ƙasar da takardar zama, da kuɗin shiga da gidan da suka yarda da shi, kuma haihuwa a nan ba ta ba jariri takardar ɗan ƙasa nan take. Shawarata ta haihu a gaban Inna, ka yi masa takardar haihuwa da wuri, da sunan da zai iya shiga ko'ina da shi. Ka roƙi Inna, da ladabi, kada aska ta taɓa jikinsa. Takardun makarantar kuma ka turo mini su ta WhatsApp in duba kafin ka biya kowa ko dala.