Yaya Mai Bincike Zai Koyi Karanta Faransanci da Fassara Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a fannin tarihi a nan Jos, kuma bincikena a kan cinikin ayari ne tsakanin Kano da Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Malamin da ke duba aikina ya ce dole sai na karanta abin da aka rubuta da Faransanci, ni kuwa rabona da harshen tun ƙaramar sakandare. Shin in shiga aji ne, ko manhajar fassara ta wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da malaminki ya gaya miki gaskiya ne, dalilinsa kuma yana cikin tarihin da kike nazari. Tun da Faransawa suka ci Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, abin da hukuma ta rubuta a kan Damagaram, daga rahoton haraji har zuwa bayanin fataken da ke shiga birni, da harshensu ta rubuta shi. Takardun suna ajiye ne a Yamai, da Dakar wadda ta zama hedkwatar mulkin Faransa na Yammacin Afirka a 1902, da kuma garin Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Masanan Nijar su ma da wannan harshe suka yi aiki: André Salifou ya wallafa nazarinsa a kan masarautar Damagaram a 1971, Djibo Hamani kuma ya wallafa nasa a kan Adar a 1975. Wanda bai karanta su ba, rabin hanyar ayarin kawai ya gani.

Sai dai iya karanta harshe domin bincike dabam, iya magana da shi dabam. Alliance Française da ke nan Jos, da cibiyar al'adun Faransa ta Abuja, da ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, duk wurare ne masu amfani, musamman idan kina da niyyar zuwa Yamai, domin ma'aikatan ma'ajiyar takardu da Faransanci suke aiki. Amma ajin masu farawa an tsara shi ne domin gaisuwa da sayayya da jarrabawar DELF ta tantance iya Faransanci, ke kuwa abin da za ki fara cin karo da shi a shafin farko na littafin tarihi shi ne lokacin aiki da ake kira passé simple, wanda ba a amfani da shi a hira, saboda haka ba a gaggawar koyar da shi. Siffofinsa a wasu aikatau ba sa kama da asalinsu: fut daga être yake, eut daga avoir, fit daga faire, vint daga venir. Tsakanin fut da fit harafi ɗaya ne, amma na farko "ya kasance" yake nufi, na biyu kuwa "ya aikata". Ki haddace siffofin mutum na uku, tilo da jam'i, na aikatau da suka fi yawan fitowa, domin marubucin tarihi kusan kullum labarin wasu yake bayarwa.

Shawarata ita ce ki ba nahawu wata biyu, sannan ki tsunduma cikin rubutun fanninki tun kafin ki ji kin shirya. Ki ɗauki sakin layi ɗaya a rana daga wata maƙala a kan Damagaram, abin da kin riga kin san labarinsa, ki fara da neman babban aikatau da mai aikata shi kafin ki buɗe ƙamus. Jimlar masanan Faransa takan yi tsawo, tana rataye da qui da que da dont, kuma jinsin suna ne ke nuna abin da wakilin suna yake komawa gare shi. A nan Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi kawai sa'a, domin kunnensa ya saba da namiji da tamata a cikin sunaye, ko da yake jinsin ba ya dacewa koyaushe: rana tamata ce a wurinmu, namiji a wurinsu, wata kuma akasin haka.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne ƙananan alamomin da ke nuna ko marubuci ya tabbatar da magana ko ji kawai ya yi. A 1906 Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram bisa zargin shirya tawaye. A ce kin ci karo da jimla irin wannan, wadda na ƙirƙira domin misali: le sultan aurait préparé une révolte. Wannan aurait siffar sharaɗi ce, amma a nan babu wani sharaɗi. Marubucin yana nesanta kansa ne da labarin, yana cewa abin da aka faɗa masa ke nan. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da wannan aiki, wato "wai": wai sarki ya shirya tawaye. Da ya rubuta avait a maimakon aurait, da ya tsaya a kan maganar da kansa. Manhajar fassara sau da yawa takan haɗiye wannan bambanci, ko ta mayar da jimlar "da sarki ya shirya", sai jita-jitar da wani tafinta ya kai wa kwamanda ta shiga kundinki a matsayin hujja. Haka ma tsarin "ne ... que" na Faransanci yake: il ne vendait que du sel ba ya nufin bai sayar da gishiri ba, yana nufin gishiri kaɗai yake sayarwa. Mai gaggawa yakan ga kalmar "ne" ya ɗauka korewa ce, ya juya maganar baibai.

Ilimin Ingilishi zai taimake ki ƙwarai, domin kalmomin ilimi da yawa iri ɗaya ne a harsunan biyu, amma yana da tarkonsa. Actuellement "a halin yanzu" ne, éventuellement "mai yiwuwa", ignorer kuma galibi rashin sani ne, ba kau da kai ba. Ƙamus mai harshe biyu ya isa a farko, daga baya ki koma Le Petit Robert, ƙamus na Faransanci zalla, sannan ga rubutun ƙarni na 19 ki duba Littré, wanda ke intanet kyauta, domin ma'anar kalma a zamanin marubucin ake nema.

Tun da ciniki kike nazari, ki kula da lambobi. Faransawa da waƙafi suke raba gutsuren lamba, dubbai kuma da ɗigo ko sarari, saboda haka 2.500 cauris wuri dubu biyu da ɗari biyar ne, 2,5 kuwa biyu da rabi. Kalmomin mulki su ma kada ki tausasa su. Cercle yankin mulki ne a ƙarƙashin kwamanda, canton gunduma ce mai sarkin gargajiya, captif kuma kalma ce da jami'ai suka fi son rubutawa a inda ake nufin bawa, don haka fassara ta da "fursuna" zai ɓatar da mai karatu.

Wajen nema a intanet, Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa tana da tsofaffin littattafai, Persée kuma tana da mujallu irin su Cahiers d'études africaines da aka fara bugawa a 1960, duka kyauta. Amma sai kin rubuta sunaye yadda kunnen Bafaranshe ya ji su: Haoussa, Bornou, Tessaoua, Katséna, Peul a madadin Fulani. Wasalin "u" namu shi ne ou nasu, "c" kuma tch, "j" kuwa dj. Ɗalibai da yawa sukan ce babu komai a kan maudu'insu alhali rubutun sunan ne bai yi daidai ba.

Game da manhaja, ban hana ki ba. Ki yi amfani da ita wajen tace maƙaloli domin ki san wadda ta cancanci lokacinki, amma duk jimlar da za ki kafa hujja da ita, ki fassara ta da hannunki. A cikin kundin ki kawo fassarar a jikin rubutu, ki sa asalin Faransancin a ƙasan shafi, ki kuma bayyana cewa fassarar taki ce. Kafin ki miƙa babi, ki ware nassoshin da hujjarki ta dogara da su, ki kai wa wani malamin Faransanci a jami'arku ya duba, ki roƙe shi ya kula da lokutan aikatau musamman. A ganina, mai ba abin awa ɗaya kullum zai iya karanta maƙalar fanninsa da ƙamus a gefe cikin wata shida zuwa tara. Rahotannin kwamandoji da aka rubuta da hannu sukan ɗauki lokaci fiye da haka, saboda gajerce kalmomi da salon alƙalamin zamanin, don haka ki bar tafiyar Yamai sai kin saba da rubutun ɗab'i.