Tambaya da Amsa: Ana Iya Gauraya Raga Iri-iri a Gwajin Zubin Roba?

Tambaya: Malam, ina koyon Moldflow, manhajar kwamfuta mai gwada yadda narkakkiyar roba ke cika mazubi. Murfin roba nake gwadawa, jikinsa siriri ne amma yana da kauri inda ƙusa ke shiga, kuma mazubin guda takwas yake fitarwa a zubi ɗaya. In na yi wa komai ragar 3D, wato na rarraba hoton kayan zuwa ƙananan gutsattsari don lissafi, sai kwamfuta ta kwana tana lissafi. Zan iya sa ragar Dual Domain, mai rufe fuskokin kaya kawai, a siririn wuri, 3D a mai kaurin? Daga wani ɗalibin injiniya.

Amsa: Ɗan'uwa, a jikin kaya ɗaya Moldflow ba ya karɓar wannan haɗin. Midplane, wato ragar da ke bin tsakiyar kaurin kaya, da Dual Domain suna ɗauka cewa narkakkiyar roba na malala ne tsakanin bango biyu makusanta, wato lissafin Hele-Shaw. Ita kuwa 3D har cikin kaurin take bin robar. Don haka ka zaɓi ɗaya. In faɗin wuri ya kai ninki 4 na kaurinsa, kuma fuskokin ragar biyu sun dace da juna kashi 85 cikin 100, ko 90 in lanƙwasar kaya kake nema, Dual Domain ta isa. Amma wurin ƙusar nan mai kauri, inda roba ke lotsawa in ta huce, shi ya sa ni zan zaɓa maka 3D.

Gaurayen da aka saba shi ne a yi wa magudanar roba da bututun ruwan sanyaya ragar bim, wato layi mai ɗauke da faɗin bututu, kayan kuma a yi masa tetira, wato ragar 3D mai ƙananan gutsattsari masu fuska huɗu. Lokaci zai ragu sosai. Ka dai tabbata ƙullin ƙarshe na bim ya zauna daram a kan ƙullin ragar kayan a bakin ƙofa, wato inda roba ke shiga ramin kayan, in ba haka ba roba ba za ta tsallaka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ramukan nan takwas na mazubinka. Robar da ke gogar bangon magudana ta fi ta tsakiya zafi da tsinkewa, kuma idan hanya ta rabu sau biyu, sai mai zafin ta karkata gefe guda. Shi ya sa ramukan ciki kan riga na waje cika, ko da tsawon hanyoyin ɗaya ne. John Beaumont, wani masanin zubin roba, ya yi suna a kan wannan matsala. Bim ba ya ganinta, domin yana ɗaukar kewayen bututu duk iri ɗaya, sai ya nuna maka takwas ɗin sun cika tare.

Ka yi gwaje-gwajen farko da bim. Kafin a sassaƙa ƙarfen mazubi kuwa, ka mai da magudanar 3D mai yawan hawan raga a kusa da bango, ka haƙura kwamfutar ta kwana.