Zobe da 'yan kunne masu dutse: a rufe ƙasan ko a bar shi a buɗe?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi ya tambaya: "An kawo mini tsarabar dutsen aƙiƙ daga Makka, zan ba da a yi mini zoben azurfa. Maƙeri ya ce in zaɓa, a rufe ƙasan dutsen ko a buɗe. Wanne ya fi?"

Malam, in zoben sawa kullum ne, ka ce a buɗe. Dalili kuwa ruwan alwala. Bakin azurfar da ake lanƙwasawa a kan dutse yana riƙe shi ne kawai, ba ya hana ruwa shiga. Sau biyar a rana ruwa zai bi ta gefe ya sauka ƙarƙashi, ga sabulu, ga zufa. In ƙasan a rufe yake, ba su da mafita, kuma a daminar Kumasi wurin ba ya bushewa. Azurfar ciki sai ta yi baƙi, aƙiƙin kuma da yake haske na ɗan ratsa shi, sai ka ga jansa ya dushe, kai ta gogewa ta sama a banza.

Ka gaya wa maƙerin ya bar ɗan gefe a ciki, faɗin milimita 1 zuwa 1.5, wanda dutsen zai zauna a kai, tsakiyar kuma a huda ta. Aƙiƙ yana da tauri, 6.5 zuwa 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, don haka ba ya bukatar faranti a ƙasa. Azurfar ta zama mai lamba 925, wato kashi 925 cikin 1000 zallar azurfa ce. Ranar karɓa, ka danna dutsen da farce ta sama da ta ƙasa, sannan ka girgiza zoben kusa da kunne. In ka ji ƙas-ƙas, bai zauna ba, a mayar a ƙara matse bakin. Kada ka yarda a toshe da gam. Amma fa in dutsen bai kai kaurin milimita 2 ba, ko yana da tsaga, to a rufe, a huda ƙaramin rami a farantin don iska ta shiga, kuma ta nan ake turo dutsen in za a yi gyara.

Wata baiwar Allah daga Asawase ta ce: "Zan sa a yi wa 'yata 'yan kunnen zinariya na biki da dutse mai walƙiya. Mai sayarwa ya ce rufaffe ya fi sheƙi."

Hajiya, a nan ki yi hattara. Dutsen da aka yanka masa fuskoki, kamar yakutu ko lu'ulu'u, haske yana shiga ne ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa ya dawo ido. Abin da ke kashe wannan sheƙin shi ne maiƙo ya manne a ƙasan, man kaɗanya ko na kitso. Buɗaɗɗe kina iya wanke shi da ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da buroshin haƙori mai laushi. Rufaffe kuwa buroshi ba ya kaiwa.

Sheƙin da ake yaba wa rufaffe sau da yawa na siririn ƙarfe ne mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi. Maƙeran Turai sun yi haka sosai a ƙarni na 18, yau kuma an fi yi wa gilas. Ruwa na taɓa shi yake dushewa. Ga kuma batun kuɗi: zinariya da giram ake sayar da ita, farantin ƙasa ƙarin nauyi ne, kuma ba kya ganin abin da ke bayansa. Ki nemi a auna zinariyar a gabanki kafin a ɗora dutse, don kada ki biya nauyin dutse da farashin zinariya. Lambar da ake bugawa a jikin zinariya ita ke nuna ingancinta: karat 18 lambarsa 750, karat 22 kuma 916.

Wani kuma ya tambaya ko a rufe ko a buɗe ƙasan fairuz, dutsen nan mai launin shuɗi: shi rufewa ta fi masa. Taurinsa 5 zuwa 6 ne kawai, yana shan mai da zufa har shuɗinsa ya koma kore, farantin kuma yana raba shi da fata. Ya fi dacewa da abin wuya. In zobe ne, a cire kafin wanka da wanki, a riƙa goge shi da busasshen ƙyalle.