Shin darasin zayyana zai iya taɓa wariya da danniya a gari irin Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da zane da zayyana a wata kwaleji a nan Kaduna. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe makarantun zayyana suna haɗa kai da mutanen unguwanni domin yaƙar wariyar launin fata da danniya. Mu a nan duk baƙar fata ne, kuma abin da nake koyarwa bai wuce tsara fasta, tambari da fasalin kayan amfani ba. Shin wannan batu ya shafe mu? In ya shafe mu, ta ina zan fara da ɗalibaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Batun ya shafe mu, kuma hujjar farko tana cikin taswirar garin da kike koyarwa a cikinsa. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sun shata garin ne bisa ƙa'idojin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa, waɗanda suka tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da inda 'yan ƙasa suke zaune. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron zazzabin cizon sauro, duk da cewa kuku da boyi a bayan gidan Bature suke kwana, abin da ya isa ya nuna raunin wannan uzuri. Su ma 'yan ƙasar ba a bar su wuri ɗaya ba, domin tsarin da aka bi a manyan garuruwan Arewa ya ware Sabon Gari ga waɗanda suka zo daga Kudu, Tudun Wada kuma ga 'yan Arewa da suka zo cin rani ko aiki. Masu awon ƙasa da masu zanen gari, mutane masu horo irin wanda muke ba ɗalibanmu yau, su ne suka ja waɗannan layuka a takarda. Da aka sami 'yancin kai a 1960 manyan ma'aikata suka gaji gidajen Turawan, sai faffaɗan fili da itatuwa da magudanan ruwa suka ci gaba da zama a gefe guda, cunkoso ya ci gaba da zama a ɗaya gefen.

Rikicin shari'a na 2000, da na gasar sarauniyar kyau na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun ƙara wata rabuwar a kan ta farko, har kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane: Musulmi sun fi yawa a arewacinsa, a unguwanni irin Kawo da Rigasa da Tudun Wada, Kirista kuma a kudancinsa, a irin Sabon Tasha da Narayi da Television. Babu mai zanen da ya shata wannan iyaka, amma duk lokacin da aka zaɓi inda za a sa sabuwar kasuwa, ko tashar mota, ko makaranta, ana ƙara mata ƙarfi ne ko ana sassauta ta. Saboda haka wariyar da ɗalibanki za su fi cin karo da ita ita ce ta ƙabila, da addini, da bambancin ɗan gari da baƙo, da naƙasa, da rashin karatun boko. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, amma yaron da aka haifa a Kakuri yana iya rasa gurbin karatu saboda layi ɗaya a fam da ke tambayar ƙaramar hukumar kakansa.

Ita ma wariyar launin fata ba ta bar mu ba, tana shigowa ta cikin kayan aikinmu. A 2018 masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada wasu manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni, suka tarar kuskurensu a kan mata masu duhun fata yana kaiwa kusan kashi 35 cikin 100, alhali a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 ba. Kusa da gida kuma, ki sa ɗalibanki su tattara allunan tallan man shafawa da sabulu da ke kan titin Ahmadu Bello, su duba wace irin fata ake nunawa a matsayin ta kyau da nasara. Ki tambaye su nawa ne cikin salon haruffan da suke amfani da su a kwamfuta ke da ɓ da ɗ da ƙ. Wannan darasin fasta ne tsantsa, bai fita daga manhajarki ba.

Abin da kika ji game da ƙasashen waje yana da tushe. A 1900 W.E.B. Du Bois, wani masani baƙar fata na Amurka, da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta sun zana jadawaloli da hannu, masu nuna yawan baƙaƙen fatar Amurka da dukiyarsu da karatunsu bayan bauta, aka baje su a babban bajekolin Faris domin ƙaryata masu cewa baƙar fata ba ya ci gaba. A 1968 Whitney Young, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar 'yancin baƙar fata, ya tsaya gaban taron ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ya zarge su da yin shiru kan wariya a gidaje, kuma bayan wannan ne cibiyoyin zayyana na unguwannin talakawa suka yawaita a can. A 1993 Samuel Mockbee da D.K. Ruth sun kafa Rural Studio a ƙarƙashin Jami'ar Auburn, inda ɗalibai ke zama a karkarar Alabama suna zana gidaje da gine-ginen jama'a suna gina su tare da mazauna. Mu ma muna da namu gadon a Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda cewa fasahar Turai kaɗai ce abin koyo, suka koma ga zanen gargajiyar ƙabilunsu.

Inda aikin ke yawan lalacewa shi ne wajen haɗin kan, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. A 1969 wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kasa shigar da jama'a cikin tsare-tsare zuwa matakai takwas kamar na tsani, ta nuna cewa sanar da mutane da jin ra'ayinsu suna tsakiyar tsani ne kawai, ikon yanke shawara yana sama. Yawancin abin da makarantunmu ke kira aikin al'umma a tsakiyar nan yake tsayawa: ɗalibai su shiga unguwa da takardar tambayoyi, su ɗauki hoton kwata da yara marasa takalmi, su koma aji su sami maki, mutanen unguwar kuwa ba su sake jin ɗuriyarsu ba. A ganina wannan ma danniya ce, sai dai mai ladabi. Kyakkyawar niyya ba ta hana hakan, domin Hassan Fathy, gwanin gini na Masar wanda ya ƙaunaci ginin ƙasa da talakawa, ya zana sabon ƙauyen Gurna a shekarun 1940, amma da yawa daga mutanen da aka gina dominsu sun ƙi komawa, saboda gwamnati ce ta yanke shawarar tayar da su ba tare da yardarsu ba.

Saboda haka kafin ɗalibi ya ja layi ɗaya, a zauna da mutanen a amince a rubuce kan wa zai zaɓi matsalar, wa zai ce wannan zane ya yi ko bai yi ba, da kuma hannun wa aikin zai koma. Ta ƙofar mai unguwa za ki shiga, wannan ba makawa, amma in kika tsaya a zaurensa muryar dattawa maza kaɗai za ki ji. Ki tura ɗalibai mata makarantun Islamiyya na matan aure da zumuntar mata ta coci, ki nemi ƙungiyar guragu da ta makafi, da 'yan Keke Napep, da masu talla a bakin titi. Wanda ya bar sana'arsa ya zauna da ku a biya shi lokacinsa ko da kaɗan ne, kuma a yi taron da harshen da mutanen suke yi a gida. Akwai wata takatsantsan da ta keɓanta da garinmu. Zana taswirar unguwa tare da mazauna hanya ce mai amfani, an yi ta a Kibera, wata unguwar talakawa a Nairobi, tun 2009, amma a Kaduna taswirar da ke nuna addini ko ƙabilar kowane gida tana iya zama makami ranar fitina, wadda kuma ke nuna gidajen da ba su da takardar fili tana iya zama jagorar rusau. Kada a tattara irin wannan bayani ko kaɗan.

Dangane da aikin da za ki fara da shi, ki zaɓi matsalar da ta damu ɓangarorin kogin biyu. Ambaliya misali ce mai kyau, domin idan kogin ya cika a watan Agusta da Satumba ba ya tambayar addinin mai gida, kuma ana buƙatar alamomin gargaɗi da wanda bai iya karatu ba zai gane. Alamomin asibitin sha-ka-tafi wani misali ne, a yi su da hoto da boko da ajami da Turanci, a gwada su da tsohuwar da ta zo awo da jikarta. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, don haka ɗalibai na iya zagayawa da mai keken guragu su auna matakala da faɗin ƙofa. Ki gauraya rukunan ɗalibai ta yadda ɗan Rigasa zai yi aiki a Narayi tare da abokin da ya san unguwar, shi ma ya rama masa, da rana, kuma da sanin iyaye da hukumar makaranta. Maƙera da masu walda na Panteka ki gayyace su a matsayin malamai, a sa sunansu a jikin aikin, sannan ki ware wani kaso na makin ga hukuncin waɗanda za su yi amfani da abin.

Ya kamata ɗaliban su san iyakar sana'arsu tun farko. Fasta ba ta ba mutum takardar fili, ba ta hukunta wanda ya ƙona gida, kuma sasanta waɗanda suka rasa 'yan uwa aiki ne na masu horo a kansa, irin cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a nan Kaduna a 1995. Idan zance ya kai can a wajen taro, a saurara cikin girmamawa, a miƙa shi ga irin waɗannan. Sannan zangon karatu wata huɗu ne kawai, matsalar unguwa kuwa ba ta ƙarewa da jarrabawa, don haka ya fi kyau ki riƙe unguwa biyu, ɗaya a kowane ɓangaren kogi, na tsawon shekara uku ko fiye, kowane aji ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, kuma kafin ki yi wa mai unguwa alkawarin komai ki sami amincewar shugaban sashenku a rubuce.