Tambayoyinku: Yaron riƙo da canjin makaranta

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina zaune a Amurka, kotu ta ba ni riƙon ɗiyar yayana mai shekara 11 bayan hukumar kula da yara ta ɗauke ta daga gidansu. Makarantarta tana da nisa da gidana, ma'aikaciyar da ke kula da kes ɗin ta ce a maido ta wata ta kusa da mu tunda babu motar makaranta da ke zuwa unguwarmu. In an yi haka makaranta ta uku kenan cikin shekara biyu, yarinyar kuma kuka take yi ba ta so. Ina da ta cewa ko sai abin da suka yanke?

Amsa: 'Yar uwa Allah ya saka miki da alheri, kuma kina da ta cewa sosai. Kukan nan da take yi ba shagwaɓa ba ce, yarinyar da aka raba da ɗakinta da iyayenta lokaci guda, malamarta da ƙawayenta ne kaɗai suka rage mata cikin abin da ta sani, to in aka ƙwace su ma me aka bar mata? Ga kuma karatun kansa, ba kowace makaranta ke bin darasi a jere ɗaya ba, sai ta je ta tarar an wuce abin da ba a koya mata ba a lissafi, ko ta zauna tana maimaita wanda ta riga ta iya, kafin sabuwar malama ta gane inda take da rauni rabin zango ya tafi.

Doka tana bayanki. Tun 2008 dokar Fostering Connections ta wajabta wa hukumomin kula da yara su saka maganar zaman yaro a makaranta ɗaya cikin tsarin kes ɗinsa, sannan a Disamba 2015 aka sa hannu kan dokar ilimi ta ESSA, wadda ta ɗora wa ɓangaren makarantu irin wannan nauyin, sashenta da ya shafi yaran riƙo ya fara aiki a Disamba 2016. Abin da ta ce shi ne yaro ya ci gaba da zama a makarantarsa ta asali sai dai in an zauna an duba an ga canjin ne ya fi masa alheri. A wannan zaman ana duba abin da yaron yake so, shaƙuwarsa da malamai, ko 'yan uwansa suna can, tsawon tafiya, da ko yana samun wani taimako na musamman a karatu. Kuɗin mota kuwa, jagorar da ma'aikatar ilimi da ta lafiya ta tarayya suka fitar a 2016 ta ce kar a sa shi cikin ma'auni. Hukumar makarantu da hukumar yara su ne za su daidaita yadda za a kai ta da wanda zai biya, ba yarinya ce za ta biya da karatunta ba.

Don haka ki tambayi ma'aikaciyar, a rubuce, ta imel ko saƙon waya, ko an yi wannan zaman kuma yaushe, ki ce kina so a gayyace ki. Ki kira ofishin hukumar makarantun gundumar ki nemi jami'in da ke kula da harkar yaran riƙo. Sannan kar ki manta da lauya ko wakilin da kotu ta naɗa wa yarinyar, shi zai iya ɗaga maganar gaban alƙali, kuma ana sake duba kes ɗin aƙalla duk wata 6, ba sai kin jira ba ma in abin ya matso. Ban ga laifin ma'aikaciyar ba sosai, yawancinsu kes ya yi musu yawa sai su nemi hanya mai sauƙi, amma sauƙinta ba shi ne abin dubawa ba.

Ba na ce canji haram ne ba fa. In tafiyar za ta ci awa ɗaya da rabi kullum zuwa da dawowa, ko akwai wanda take tsoron haɗuwa da shi a can, to canjin zai iya zama daidai. In hakan ta kasance, sabuwar makaranta dole ta karɓe ta nan take ko da babu takardun rigakafi da na sakamako, su ne za su nemo su daga tsohuwar, kuma ki roƙa a bari sai ƙarshen zango.

Tambaya: Malama ɗana mai shekara 15 kotun yara ta tsare shi wata huɗu, ya yi karatu a ciki, yanzu ya fito makarantarsa ta ce ba ta da takardunsa, wai sai ya maimaita darussan. Shi kuma ya ce gara ya daina zuwa. Mu ma a Amurka muke.

Amsa: Malam wannan makonnin farko bayan fitowa su ne mafi hatsari, yaro yana jin kunya, ga gida ba abin yi, ga tsofaffin abokai suna jira, don Allah kar a bari zaman ya yi tsawo. Dokar shari'ar yara da aka sabunta a 2018 ta nemi jihohi su tsara yadda za a riƙa tura takardun karatun yaro daga wurin tsarewa zuwa makaranta da wuri, a kuma ba shi makin aikin da ya yi, cikakke ko wani ɓangare. Yadda ake lissafa makin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ƙa'idojin Havana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 ma sun ce karatun da ake yi a tsare ya zama wanda yaro zai iya ɗorawa a kai bayan ya fito, kuma kar takardar shaidarsa ta nuna an taɓa tsare shi, duk da dai su ba doka ba ce da za a tilasta a kotu.

Ka je da kanka ka nemi kwafin takardar sakamakonsa daga makarantar wurin da aka tsare shi, haƙƙinka ne a matsayin uba, ka kai wa mai ba ɗalibai shawara a makarantarsa ku zauna ku bi darasi ɗaya bayan ɗaya. Ka sanar da jami'in da ke sa ido a kansa da lauyansa cewa makaranta ce ke jan ƙafa, domin sau da yawa zuwa makaranta yana cikin sharuɗɗan sakin, kar a wayi gari a rubuta wa alƙali cewa yaron ne ya ƙi zuwa.