Amsa ga sababbin ma'aikatan jinya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Zan amsa tambayar da ƙanwarmu ta turo, inda ta ce ita da abokan karatunta da suka kammala bayan annobar korona suna fargabar kama aiki, domin suna ganin ba su samu isasshiyar gogewa ba.

Ƙanwata, fargabarku tana da tushe. Tun daga 11 ga Maris 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, makarantu da dama suka mayar da darussa intanet, aka dakatar da zuwa asibiti koyon aiki, alhali kuwa sanya allurar ƙarin ruwa a jijiyar tsohon da jikinsa ya bushe, ko gane cewa numfashin majinyaci ya sauya tun kafin na'ura ta yi ƙara, abubuwa ne da ba a koyonsu sai a bakin gado. Ga kuma ƙarancin ma'aikata. Rahoton hukumar na shekarar 2020 ya nuna duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, sannan annobar ta ɗauke wasu, gajiya ta sa wasu ƙwararru suka ajiye aikin. Shi ya sa za a iya damƙa miki ɗaki guda a aikin dare tun ba ki gama sanin inda ake ajiye kaya ba.

Shawarata ita ce kada ki ɓoye abin da ba ki iya ba. Ki nemi babbar nas guda wadda za ki riƙa bi a watannin farko, ki gaya mata kai tsaye cewa wannan a littafi kawai kika san shi, ki roƙe ta ta tsaya a kanki har hannunki ya faɗa. Wajen ba da magani kuwa, in lissafin adadin ya shige miki duhu, ki dakata ki tambaya ko da za a yi miki kallon sabon shiga, domin kunyar minti ɗaya ba ta kai ran mutum ba.

Mu kuma manya, wallahi nauyin yana wuyanmu. Duk wanda aka haɗa shi da ɗaya daga cikin yaran nan, ya daure ya rage faɗa a gaban majinyata, ya ware lokaci bayan miƙa aiki ya tambaye ta abin da ya ba ta wahala a ranar. Allah ya ba ku sa'a, ya sa albarka a hannuwanku.