Tambayoyinku: Wane laburare zan saka?

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce yana koyon Python, yana so ya riƙa kwaso bayanai daga shafukan intanet, wane laburare (wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta don a yi amfani da shi) zai ɗauka?

Ɗauki requests ka haɗa da beautifulsoup4, sun ishe ka. Lura dai, beautifulsoup4 ne sunan da za ka ba pip (manhajar saka laburare a Python), amma a cikin kod bs4 za ka kira.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce sauke PyTorch (wani babban laburare na AI) ya cinye mata data tas, ga shi aikin nata lissafin cinikin shago ne, har ta fara tunanin ko harkar ba tata ba ce. Haba ƙanwata, kwantar da hankalinki, laifin wanda ya ba ki shawarar ne. Lissafin shago ba ya buƙatar PyTorch ko kaɗan. Python da kansa yana zuwa da csv da sqlite3, ba sai kin sauke komai ba. In aikin ya yi yawa, pandas ya wadatar. Ranar da kika samu intanet mai arha, yi amfani da pip download ki adana fayilolin a filasha.

Wani kuma ya tambaya: "Ba wanda ya fi yawan taurari a GitHub shi ne mai kyau ba?" Malam, taurarin yabo da mutane ke danna wa aiki a GitHub, shafin ajiye kod, ana sayensu. Duba yaushe aka taɓa kod ɗin na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, kuma ana amsa ƙorafin masu amfani da shi ko an bar su suna ta kuka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Duk wanda ya taɓa sayen caja mai tambarin Samsung da harafi ɗaya a karkace ya san wannan wasan. A PyPI da npm, rumbunan da ake sauko laburaren Python da na JavaScript, kowa yana iya buɗe asusu ya ɗora kaya, ba wanda ke tantance kowane ɗaya kafin ya fito. A 2017 wani ya ɗora crossenv a npm yana kwaikwayon cross-env, yana kwashe bayanan sirri daga kwamfutocin mutane. A 2018 aka gano colourama a PyPI, jabun colorama, mai sauya adireshin Bitcoin idan ka kwafa shi. A 2019 aka cire jeIlyfish, jabun jellyfish, wanda aka saka babban I a madadin ƙaramin l, yana satar makullan SSH (na shiga wata kwamfuta daga nesa). Ido ma ba zai raba su ba. Kuma wasunsu tun lokacin sakawa suke fara aiki, ba sai ka kira su ba.

Duk da haka sai ka ga yaro ya kwafo umarni daga bidiyon YouTube ko daga manhajar hira ta AI, ya liƙa, ya danna. Su waɗannan manhajojin wani lokaci suna ƙirƙiro sunan laburaren da babu shi, mugu kuwa yana iya rigan kowa yin rajistar sunan. Je shafin asali na aikin, ka kwafo sunan daga can. Yi aiki a cikin venv (keɓaɓɓen wuri na laburaren kowane aiki), rubuta lambar sigar kowane laburare a requirements.txt, ka riƙa gudanar da pip-audit ko npm audit don gano laburare masu matsalar tsaro.

Mai tambaya kan lasisin laburare: lasisin MIT ya ba ka damar sayar da manhajarka a rufe, muddin ka bar sanarwar mai shi. GPL kuwa, in ka raba manhajar, sai ka buɗe kod ɗinka ma. Karanta kafin ka karɓi kuɗin mai aiki.